Amsa ga mai son mayar da tsohuwar akori-kurar babansa hot rod a gida

Wani ƙanena ne ya turo min wannan tambayar: "Yaya, ina yawan kallon Amurkawa a YouTube suna ɗauko tsohuwar akori-kura su saka mata ƙaton inji su sauke ta ƙasa, a garejin gidansu kawai. Muna da Hilux ƙirar 1982 ta marigayi babanmu, mai kai ɗaya, ba fowil ba, shekara tara kenan tana ajiye a tsakar gida. Ina so in sare mata rufi, in saka V8, ta kwanta ƙasa sosai. Ko kuwa in haƙura da ita in sa a shigo min da Ford F-100? Wane tsari zan bi?"

Toh ƙanena Allah ya jiƙan baba ya kai haske kabarinsa. Amsar farko dai ita ce kar ka taɓa injin yanka ƙarfe tukuna, kar kuma ka je sayen inji. Na san ƙarar V8 ɗin nan, wato inji mai fulogi takwas, ita ce ta fi tafiya da kai, kowa ma da haka ya fara, amma abun da yake sa ka hango mota daga nesa ka ce kai wannan ta haɗu tun ba a tada ta ba shi ne tsayuwarta, wato yanda ta zauna a kan tayoyinta, tsayinta daga ƙasa, da inda taya ta tsaya a cikin bakin madigadi. Na daɗe ina aikin bodi da walda, na ga mota mai fentin miliyoyi da ba ta da kyan gani saboda tayar ta shige ciki kaman ta ji kunya, na kuma ga wadda ko fenti babu amma kowa sai ya waiwaya. In tsayuwa ta ɓaci babu abun da zai gyara ta, tun ran gini tun ran zane.

Bari in ɗan koma baya kaɗan saboda yana da alaƙa da maganar F-100 ɗinka. Harkar nan ta hot rod, wato gyara tsohuwar mota a ƙara mata ƙarfi da gudu, a kudancin Kaliforniya ta taso wajen shekarun 1930, samari ne marasa kuɗi suke sayen tsofaffin Ford Model T da Model A da araha su cire madigadi da duk wani abu mai nauyi su tafi busassun tafkunan hamada irin su Muroc da El Mirage suna gwada gudu. Da Ford ta fito da V8 mai sauƙin kuɗi a 1932, ƙarfin doki 65 ne kacal fa, sai aka koma cusa shi a ƙananan bodi. Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo gida da ilimin walda da kanikanci abun ya bunƙasa, har aka kafa ƙungiyar shirya tseren mota ta NHRA a 1951 don a raba yaran da tsere a kan titi. Kaga kenan mutanen nan da abun da yake zube a bolarsu suka yi aiki. Ita akori-kura ma da farko motar aiken gareji ce, ta ɗauko kaya ta jawo motar tsere, daga baya ne aka fara yi mata kwalliya ita ma.

Waɗanda kake gani a bidiyo yawanci uku ne, Chevrolet 3100 ta 1947 zuwa 1955, Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956, sai Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972. A can akwai kamfanonin da har yau suke buga kayansu sababbi, daga ƙofa har robar gilashi, mutum yana zaune zai yi oda a kawo masa ƙofar gida, shi yasa kake ganin aikin kaman wasa. Kai kuma in gilashin gaban F-100 ta 1956 ya fashe maka, wanda ya lanƙwaso har gefe, sai dai ka jira jirgi, ga dala, ga dokar kwastan a kan shekarun motar da ake shigowa da ita. Ni dai ban ba ka shawara ba. Motar baba ta fi, kuma ka yi sa'a Hilux ce, saboda tana da casis daban, ka kwance ƙusoshi ka ɗage kai da bodin baya ka ajiye gefe ka yi aikinka a fili. Da Peugeot 404 ce ko 504 irin waɗanda aka dinga haɗawa a Kaduna tun 1975 da na ce ka bi a hankali, don su gabansu a haɗe yake da jiki, jikin ne ƙashin motar, ka yanka wuri ɗaya ka raunana ko'ina. 404 kyakkyawa ce wallahi, Pininfarina, kamfanin zanen mota na Italiya, ne suka zana ta, amma irinta sauke ta kaɗan ake yi a gyara taya a bar ta haka.

Yanzu ga aikin da za ka fara, kuma ko sisi ba zai ci maka ba sai kuɗin firintin. Ka turo motar fili, ka ja da baya sosai kaman taku ashirin, ka durƙusa daidai tsayin ƙofa ka ɗauki hotonta ta gefe sak. Ka buga kwafi goma. Ka sami almakashi da gam, ka yanke bodin daga tayoyin ka dinga sauke shi a hankali kana kallo, a wani kwafin ka rage rufin, a wani ka gajarta bayan, a wani ka ƙara girman tayar baya. Tsofaffin masu wannan sana'a haka suke yi tun kafin kwamfuta, kuma har yau ban ga abun da ya fi shi ba, don takarda in ka yanka ba daidai ba sai ka ɗauko wata. Ka manna su a bangon ɗaki ka yi sati biyu kana wucewa kana kallo, wadda ba ta gundure ka ba ita ce motarka.

Sai ka zaɓi zamani ɗaya ka tsaya a kai. Nan ne mutanenmu suke faɗuwa, za ka ga an saka rim inci 22 mai walƙiya, ga fitilar zamani mai shuɗi, ga fentin tsatsa, ga sitiyarin katako, kowanne da inda ya dosa kaman kayan gwanjo. In salon shekarun 1950 kake so, na motar gareji, to rim ɗin ƙarfe ne inci 15 a fente shi ja ko madara da ɗan murfi a tsakiya, taya mai kauri, fenti mara sheƙi, rubutu a ƙofa, daɓen katako a baya. Amma gaskiya Hilux ta 1982 jikinta mai kusurwa ne, salon da ya fi zama da ita shi ne na ƙananan akori-kura da samarin Kaliforniya ɗin dai suka yi yayi a shekarun 1970 da 1980 da Datsun 620 da Toyota irin taka, a sauke ta, a saka rim ɗin alminiyam mai faɗi, a ja mata layuka a gefe ruwan lemo da ɗorawa da ƙasa-ƙasa. Da ni ne nan zan bi, don motar ba za ta yi kama da mai aron riga ba.

In kuma zuciyarka ta nace sai mai kumburarren madigadi da zagayayyen kai irin na Amurka, akwai wata hanya da mutane ba su cika lura da ita ba. Tsofaffin Bedford ɗin nan da suka yi dakon gyaɗa da auduga a ƙasar nan, kamfanin na Ingila ne amma a lokacin mallakar General Motors na Amurka ne, kuma ƙirarsu ta 1953 da ka gani ka ga 'yar'uwar Chevrolet ta lokacin, ta bayanta ma TJ da ta fito a 1958 kanta a zagaye yake. Har yanzu akan ci karo da kawunansu a bayan gareji ko wajen 'yan gwangwan kafin su sare su su ɗora a sikeli. Ka sami kai ɗaya mai lafiya ka ɗora a casis na ƙaramar mota, ka ƙera ɗan gajeren bodi a baya, ka sami abun da babu mai irinsa. Sai dai kan ya fi Hilux faɗi nesa, tayoyin za su shige ciki, sai an nemi casis mai faɗi ko a sake aksil, aiki ne na wanda ya riga ya yi ɗaya ya gama. Ka ajiye shi a rai don gaba.

Taya kafin komai. Ka sayi rim da tayar da za ka yi amfani da su tun yanzu, ko ka aro, saboda a kansu ake auna duk sauran. Ƙa'idar hot rod tun asali ita ce ta gaba ƙarama ta baya babba, motar ta ɗan sunkuya gaba kaman rago zai kai karo, bambancin inci ɗaya zuwa biyu tsakanin gaba da baya ya isa, in ya wuce haka ta koma kaman an ɗaga ta a jak. Hilux ɗinka ƙusa biyar ce mai tazarar 114.3, irin ta motocin Japan da yawa da tsofaffin Ford, kaga rim ba zai ba ka wahala ba. Abun lura shi ne zurfin rim, kana so gefen taya ya zo dab da leɓen madigadi ba tare da ya goga ba in ka karya kan mota har ƙarshe.

Maganar ta kwanta ƙasa kuwa, titin Los Anjelis daban layin unguwarku daban. Ka tuna tudun rage gudun da kowane mai gida yake ginawa a ƙofarsa yanda ya ga dama, ka tuna hawan kwalbatin gidanku, ka tuna watan Agusta. Ni a ganina kar abu mafi ƙasa a cikin motar ya gaza inci 5 daga ƙasa. Waɗanda kake gani sun kwanta har casis na taɓa kwalta balan-balan ɗin iska ne a madadin sifirin, da kwamfiresa da tanki da bawul, in sun tashi tafiya su hura ta ɗago. Yana da kyau a hoto amma in tiyo ɗaya ya fashe maka tsakanin Zariya da Funtuwa babu mai shi a bakin hanya. Kuma akwai gwajin da ba a tsallakewa, ka sace iskar taya ɗaya gaba ɗaya ka leƙa, in akwai abun da ya taɓa ƙasa kafin rim, ko salansa ko ƙusar sifirin ko tankin mai, to ranar da taya ta fashe kana gudu wannan abun ne zai caki kwalta, sitiyari kuma ya zama ado.

Gaban irin taka ba nannaɗaɗɗen sifirin ba ne, sandar ƙarfe ce mai murɗawa, akwai ƙusar da ake sassautawa ta ƙasa motar ta sauka. Inci ɗaya da rabi zuwa biyu babu laifi, ka wuce haka sai ta zauna a kan robar tsayawa ta dinga tsalle kaman amalanke tana cin boljoyin. In kana son fiye da haka akwai sifindil, wato ƙarfen da tayar gaba take zama a kai, na musamman da aka ɗaga wa gindin taya, ana yin oda, shi ne hanyar da ba ta ɓata lissafin sitiyari. A baya aksil ɗin a saman sifirin yake zaune, sai a saka ɗan tubalin ƙarfe tsakaninsu inci biyu ko uku da sababbin ƙusoshi masu siffar U, kar a wuce uku. Sannan ka auna tsakanin aksil da casis, kana buƙatar kaman inci uku na motsi, in babu sai a yanke casis a wurin a yi masa lungu mai siffar C a rufe shi da faranti mai kauri ciki da waje. Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka bari kowa ya gasa maka sifirin da wutar gas wai ya sauka. Ni na taɓa yi ina yaro a sana'a, mai motar ya ji daɗi ya ba ni har da tukwici, ko wata biyu ba a yi ba sifirin ya karye masa da iyali a ciki, Allah ne ya tsare. Ƙarfen sifirin da na sitiyari wuta tana kashe su, ba a gasawa ba a yi musu walda.

Sare rufi. Toh nan zan ɓata maka rai. A tsofaffin motocin 1930 ginshiƙan a miƙe suke gilashi kuma shimfiɗaɗɗe ne, ka cire inci uku ka sauke rufin ya zauna, mai yankan gilashi ya yanka maka sabo. Ita taka ginshiƙan a karkace suke, da ka rage tsayi rufin ba zai ƙara haɗuwa da su ba sai ka tsaga shi gida huɗu ka ƙara masa tsawo da faɗi, ƙofofi ma haka. Gilashin gaba mai lanƙwasa ne, mai leda a tsakiya ana iya rage shi da ƙyar amma sai ka tanadi biyu ko uku don sai an fasa, na gefe da na baya kuwa gasasshe ne, ka taɓa shi da abun yanka ya zube kaman tsakuwa. Ga kan Hilux dama a matse yake, in kai dogo ne da hula ma ba za ka shiga ba. Garin neman gira kar a rasa ido. In kana so rufin ya yi kaman ya sauka, ka ƙera masa ɗan baranda a saman gilashin gaba irin na manyan motocin da, ka yi wa rufin kala daban da jiki, ido zai ga ya gajarta. Baƙin gilashi ma yana taimakawa amma ka fara bincika maganar takardar izinin 'yan sanda.

Inda za ka saki hannunka ka more shi ne bodin baya. In doguwa ce za ka iya gajarta ta, Amurkawa suna yi wa C10 haka, su cire inci 12 a casis bayan kai da inci 8 a wutsiya doguwa ta koma gajera. In za a yanka casis ba a yanka shi a miƙe, a karkace ake yi ko mai siffar Z, a ɗora faranti mai siffar kifi a kan waldar, kuma a auna kusurwa zuwa kusurwa kafin da bayan, in ba haka ba motar ta dinga tafiyar kaguwa. Daɓen kuma ka cire ruɓaɓɓen ƙarfen ka shimfiɗa katako da siraran ƙarafa tsakani. Su da katakon oak suke yi, kai kana da maɗaci da iroko, in an goge an shafa mai har sun fi nasu kyau, ka nemi tsofaffin kafintocin da suke bodin katako na manyan motoci, sun san wanda ya bushe da wanda zai murɗe in rani ya yi, kuma ka bar ɗan sarari tsakanin allunan don damina za su kumbura. Ka ɗaga daɓen sama kaɗan aksil ya sami wurin motsi. Ƙugiyoyin ɗaure kaya na gefe ka cire ka toshe, bambar baya ka matso da ita jikin bodi, ƙananan abubuwan nan su ne suke sa mota ta yi sumul ba tare da mutum ya gane me aka canza ba. Cire hannun ƙofa dai da ake yi a saka na lantarki ban yarda da shi ba, batir ya mutu ka tsaya kana kallon motarka.

Sai inji. Su can Chevrolet 350 suke sakawa ko ƙanensa LS mai lita 5.3 saboda su ne a zube a wajensu. Namu a zube shi ne na Toyota, 1UZ na Lexus LS400 da ya fito a 1989, fulogi takwas, lita 4.0, doki 250, jikinsa alminiyam ne shi yasa nauyinsa bai yi wa gaban ƙaramar mota yawa ba, kuma 'yan Afirka ta Kudu da Ostireliya sun daɗe suna cusa shi a Hilux, ba sabon abu za ka ƙirƙiro ba. Ka nemi na kafin 1998, wayarsa ta fi sauƙi babu rigimar makullin kwamfuta. Akwai 2UZ mai 4.7 na Land Cruiser da Tundra amma shi ƙarfe ne, ya yi nauyi. Ka zaga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ta kama har Ladipo a Legas. Ka saye shi da giyabos ɗinsa na otomatik da burenbos, wato kwamfutar inji, da duk wayoyinsa ba a datse ba, don yawanci tun daga waje ake datse su, kuma rewaya zai iya cin wata uku yana neman bakin zare. Ka duba kaskon man inji, na LS400 tulunsa a gaba yake, akwai mai tulu a tsakiya da mai tulu a baya, wanda zai kauce wa ƙarfen gicciye da sandar sitiyarin motarka shi za ka nema. Injin yana da faɗi saboda kam huɗu gare shi, ka yi tsammanin faɗa da akwatin sitiyari da bustan birki. Injin Camry ko Sienna kar ma a ruɗe ka da arha, a gicciye suke zama, na jan gaba ne.

Amma tsakani da Allah ka zauna ka yi lissafin mai, tun da aka cire tallafi a 2023 V8 ba abun wasa ba ne. 3RZ mai fulogi huɗu lita 2.7 yana ba da doki 150, 5VZ mai shida na 4Runner wajen 190, injin da motar ta zo da shi bai kai 100 ba, kaga ko wannensu ka saka ta zama wata aba daban, kuma sun fi sauƙin zama.

Duk wanda ka zaɓa, birki ne gaba da shi. Mota mara nauyi a baya da doki 250, in an yi yayyafi ko mai ka taka da ƙarfi sai ta juya ta kalli inda ta fito. Gaba dole faranti ne, in ganga ce a canza, mastan birki mai layi biyu yanda in ɗaya ya fashe ɗaya zai riƙe, bututun birki sababbi na ƙarfe, ba a yi musu walda ba a haɗa su da tiyo. Aksil ɗin baya in na Toyota ne da ake ce wa mai inci 8 zai jure in ba kullum kake ƙona taya ba, wasu suna saka na Ford Explorer na 1995 zuwa 2001 saboda yana da birkin faranti kuma ƙusarsa ɗaya da taka, sai dai ya fi faɗi sai an rage shi. Wajen ɗaura inji ka sa ido a kan farfela, wato sandar da take kai juyi daga giyabos zuwa aksil ɗin baya, layin giyabos da na bakin aksil su zama sun yi daidai da juna, karkatar kowane kuros tsakanin digiri 1 zuwa 3, akwai manhajar auna kusurwa a waya ma ta isa. Mota da yawa da ake cewa tana rawa a gudu 80 an rasa dalili, nan ne. Farfelar kuma a kai wa mai injin dabaran ƙarfe ya yanka ya daidaita, ba a ƙasan bishiya da ido ba.

Zafi kuma kar ka kwafi na bidiyo, mu muna ganin sama da digiri 40 a Afrilu. Lagireto mafi girman da zai shiga, fanka da rufinta yanda iskar za ta bi ta cikin lagireton dole, ƙaramin lagireto daban na man giya, kuma dan Allah kar bakanike ya cire maka tamostat ya jefar kaman yanda aka saba, injin mai burenbos in bai kai zafinsa ba mai kawai zai dinga sha. Buɗaɗɗen abun tace iskan nan mai kyalli da suke ɗorawa a sama, hunturu ɗaya zai cika maka inji da ƙura, ka saka mai akwati ya jawo iska daga waje. Bangon da ke tsakaninka da inji da ƙasan ƙafa ka shimfiɗa abun tare zafi kafin kafet.

Ciki kar ka cika tarkace. Kujerar benci ɗaya, agogon zafi da na ƙarfin man inji masu aiki da gaske, bel mai riƙe kafaɗa a ɗaure a ƙarfe mai kauri. Su can suna shimfiɗa bargon Meziko mai ratsi-ratsi a kujera saboda shi ne a kusa da su, kai me zai hana ka saka saƙi ko luru a tsakiya, gefe kuma jar fata daga majema, dukawa su ɗinka maka? Fatar saniya dai, ta akuya ta yi laushi da yawa wa wurin zama. Haka ma zane, siraran layukan da Von Dutch, wani Ba'amurke mai zanen mota, ya yi suna da su a shekarun 1950 da buroshi ake ja da hannu, mu ma muna da masu zanen manyan motoci da suke zana zaki da mikiya da dawisu a bayan bodi, hannunsu ba ya rawa, ka nemi dattijo ɗaya a cikinsu ka ce ya yi maka kaɗan a bonet da ƙofar baya, kaɗan fa, don in ka sake masa sai ya cika ta har rufi.

Fenti shi ne na ƙarshe kuma kala biyu sun isa. In fentin asali yana nan ya ƙone da rana ya yi dabbare-dabbare, Amurkawa kuɗi suke biya su sami irinsa, ka wanke ka kashe tsatsar ka shafa mai kariya ka bar shi, musamman in akwai wani rubutu da baba ya sa aka yi a ƙofa ko a baya, wannan ba a sayensa. In sabo za a yi, a kankare har ƙarfe, firaima mai kyau, bodi fila kar ta wuce kaurin milimita 3, wanda ya ɗora maka ita kaman yaɓen ɗaki shekara ɗaya za ta tsage. Kar a fesa lokacin ƙura, a jiƙa ƙasa da ruwa, fentin da ake haɗawa da hadna kuma guba ne ga huhu, takunkumin tsumma ba ya tare shi, kar a yi a inda yara da mata suke.

Tunda a gida za ka yi, ƙarfen jikin mota wajen milimita ɗaya ne, waldar ilektirod huda shi take yi, ta kabaid kuma ta murɗa shi, in za ka iya sayen ƙaramin injin walda na MIG ka saya ka dinga ɗiga masa ɗigo-ɗigo kana tsallakawa yana hucewa. Waldar casis da mazaunin inji ka kira wanda hannunsa ya faɗa, ba a koyo a nan. Kar ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak ko bulon siminti, bulo ba ya gargaɗi, ka ƙera ƙafafun ƙarfe huɗu. Ka cire tankin mai ka kai shi nesa kafin tartsatsi na farko. Lambar casis kuma kar a yanke ta kar a goge, rasit ɗin inji ka adana, in an gama ka je ofishin lasin a gyara lambar inji da kala a takardu tun kafin ka haɗu da 'yan VIO ko Road Safety a hanya. Salansa ma ka saka mai tukunya, kana fita da asuba maƙwabta suna da haƙƙi.

Kuma kar ka wargaza ta gaba ɗaya rana ɗaya, yawancin waɗanda na sani sun yi haka motar a buhuna ta ƙare. Ka fara tada ta da injinta na yanzu, ka gyara birki, ka sauke ta, ka saka tayoyin, ka hau ta wata biyu ka ji yanda take, sannan a zo maganar V8. Wannan satin dai ka hura tayoyin ka turo ta waje ka ɗauki hoton nan, sannan ka ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma ka kwanta ka bi casis ɗin kana caka kana ƙwanƙwasawa, musamman wajen da sifirin na baya yake ratayawa da ƙasan mazaunin kai, don shekara tara a tsakar gida ruwan wanke-wanke yana bi ta ƙarƙashi ba ƙaramin abu ba ne. In sukundireba ta shige sai mu fara maganar neman wani casis ɗin kafin komai.